Ƙwaryar Nonon da Na Ara wa Makaranta

Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, iyakacina abin da zan yi salla. Wannan faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mini magana, kada a sa mata sukari. Labarin ƙwaryata ne ta nono, wadda na ara wa wata makaranta a Abuja aka dawo mini da ita gawa.

Tsohuwata ce ta ba ni ita ranar da za a kai ni ɗaki, can ƙauyenmu a ƙasar Katsina, kuma tun a lokacin ba sabuwa ba ce. In ka gan ta ba za ka sake kallonta ba. Ta yi baƙi, bakinta ya gutsure, ga ɗinki a gefe inda ta taɓa tsagewa mai gyaran ƙwarya ya kama ta. Amma dafa madara, ka bari ta huce, ka juye a cikinta ka rufe da faifai. Ko ɗigon tsohon nono ba sai ka sa ba. Kafin gari ya waye nono ya yi barci, ya kama jikinsa kamar hanta, tsaminsa daidai, da wani ɗanɗano a ƙarshen harshe wanda ban taɓa ji a ƙwaryar kowa ba. Sabulu bai taɓa shiga cikinta ba. Ruwan ɗumi, sai ta ɗan sha iska, sai a kife ta. Haka na ga tsohuwata na yi, haka na yi har na tsufa.

Da Malam ya rasu, ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa, ya ɗauko ni ya kawo ni Abuja inda yake aiki a ma'aikatar gwamnati. Shekarun nan ne da sojoji suka koma bariki farar hula suka hau, kuɗi ya shigo garin kamar ruwan Agusta. Ka kwanta kana kallon daji, ka tashi ka ga bene. Kowa da 'yar waya a kunne yana ta ihu shi kaɗai a titi. Kujera in ta ɗan koɗe sai bola, tukunya in ta yi baƙi sai bola. Ni kuwa na shigo garin da ƙwaryata a naɗe cikin zane a kan cinyata, don na hana a sa ta a bayan mota. Na sami wata Bafulatana da ke kawo madara daga wajen Tungan Maje, muka saba, na ci gaba da abina.

Matar ɗana malamar makaranta ce, a wata makarantar kuɗi ta 'ya'yan manya. Tana koyar da abin da suke kira kemistiri, wato sanin yadda abu ke haɗuwa da abu ya zama wani abu. Yarinya ce ta kirki, ba zan ci amanarta ba ko a cikin fushi. Wata rana ina jefa kanwa a tukunyar wake sai na ji ta tsaye a bayana.

Ta ce, "Inna, don me kike sa kanwa?"

Na ce, "Don ya yi saurin nuna mana. Ke ba ki sawa?"

Ta ce tana sawa, kuma ta san dalili a littafi, amma yaran ajinta ba su san ko kanwar ba. Haddar sunaye kawai suke yi kamar aku. Magungunan ɗakin gwaji kuma masu ƙona hannu ne, ba a yarda ƙanana su taɓa ba. Ta ce tana so ta koya musu da kayan kicin, abin da ko an zubar a jiki ba ya cutarwa. "Inna, ki zo ki taya ni mana."

Na ce, "Ni da ban san bihim ba, me zan je yi a gaban allo?"

Ta ce, "Ke ki yi da hannu, ni in yi da baki."

To, haka aka fara. Aka riƙa kai ni a mota, a sa mini kujera a gefen teburi. Yaran nan kowa da farar riga a kan yunifom, da tabarau, da safar hannu, kamar za a yi wa saniya fiɗa alhali zoɓo ne a kofi. Wuta kuwa ba mai zuwa kusa da ita sai malamarsu. Ban ga laifin wannan ba, ɗan mutum ba abin wasa ba ne. Na jiƙa kanwa na ɗiga a zoɓo, ja ya koma wani duhu-duhu mai kore, aji ya ɗauki ihu. Aka matsa lemun tsami, ja ya dawo. Matar ɗana ta hau bayani, tsami da kishiyar tsami, wannan na kashe kaifin wancan. Wani sati muka kwaɓa fulawa da yis a kwalba, aka sa balan-balan a baki, ta kumbura da kanta. Wani sati dafaffiyar kuɓewa, mai kanwa da marar kanwa, su ja da cokali su ga wadda ta fi yauƙi.

Akwai wani ɗan lukuti a gaba, ɗan wani babban darakta, na ce masa, "Kai maigidana, tun da na zo garin nan ko cefane ba ka ba ni ba. Saki zan nema."

Yaron nan ya zaro ido, ya juya wajen malamarsu da Turanci yana neman ceto. Bai san wasan kaka da jika ba. Sai da aka yi masa bayani. Kashegari ya zo mini da biskit ya ce, "Matana, ga cefane."

Na ce, "Matata ake cewa, kai miji ba baki. Kuma da wannan za ka riƙe mace?"

Na ji daɗin yaran nan, Allah ya sani. Shi ya sa abin ya fi ciwo.

Ana nan, ana nan, sai aka zo kan madara. Matar ɗana ta same ni bayan la'asar, ta zauna a ƙasa, ta yi ta zagaye-zagaye kafin ta fito da ita: ƙwaryata take so a kai aji. Za a zuba dafaffiyar madara a wuri uku, kwalba wankakkiya ba komai, kwalba da cokalin tsohon nono, sai ƙwarya ita ma ba komai, a bari su kwana, yara su gani da idonsu.

Na ce a'a. Na ce ko maƙwabciya ban taɓa ara wa ba, kuma ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi fashewa za ta yi. Ta tashi ta tafi. Bayan kwana biyu ta zo da wani ƙarfe mai madubi daga makaranta, wanda ke girmama abin da ido ba ya gani. Ta lakaci nonon ƙwaryata kaɗan, ta shafa a gilashi, ta ɗiga wani shuɗin ruwa, ta ce in rufe ido ɗaya in leƙa. Na daɗe ina ganin duhu. Can sai ga su, wasu 'yan sanduna da 'yan ƙwallaye, birjik, ba iyaka.

Ta ce, "Inna, su ne ke sa nono barci. Rayayyu ne. A jikin ƙwaryar suke zaune, cikin 'yan ƙofofinta. Ba mamaki jikokin jikokin waɗanda ke ciki ne tun tana hannun mahaifiyarki."

Na zauna na yi tagumi. Shanun gidanmu sun ƙare tun ina yarinya, na ɗauka ban gaji ko ɗan maraƙi ba. Ashe garke tsohuwata ta ba ni, na yi ta kiwonsa shekara da shekaru ban sani ba. Wannan ilimin matar ɗana ce ta ba ni shi, kuma na gode mata. Saboda shi na yarda. Na ce yara su gani, amma da sharaɗi: ba sabulu, ba mai wanke ta sai ni, kuma tana gama aiki ta dawo gida. Ta ce ta ji, kuma za ta gaya wa shugabar makaranta da bakinta. Ta kuwa gaya mata, wannan na tabbata.

Ranar Alhamis muka zuba madara, ni da hannuna na rufe da faifai. Juma'a da safe aka buɗe. Kwalbar farko ta tsinke, ruwa a sama, guda-guda a ƙasa, tana wari. Ta biyu ta kama. Ƙwaryata kuwa, na karkata ta a gaban yaran nono bai ko motsa ba. Maigidana ɗan lukuti ya ce, "Kaka, tsafi ne?" Malamarsu ta ce ba tsafi ba ne, ta jera su kowa ya leƙa madubin nan. An hana su ɗanɗanawa, dokar makaranta ce.

Direba ya zo da wuri don zai kai ɗana masallaci. Na miƙa hannu zan ɗauki abata, sai matar ɗana ta ce akwai wani aji da zai shigo bayan tara, su ma su gani, ita za ta taho da ita. Zuciyata ta ƙi, amma na bari. Da ta dawo gida hannunta ba komai. An tsare su a taron malamai, kafin su fito an kulle ɗakin, mai makulli ya tafi, sai Litinin. Asabar da Lahadin nan abinci bai yi mini daɗi ba. Ɗana yana cewa, "Inna, ina za ta je? Ƙafa gare ta?"

Litinin tun kafin yara su gama taruwa ina ƙofar ɗakin. Warin ne ya fara tarbata, warin asibiti, irin na ruwan da ake wanke banɗaki. A ƙasa ga wani babban baho na roba shuɗi, cike da farin ruwa, kwalabe da kofuna a nutse. Ƙwaryata na ciki, an ɗora mata dutse don kada ta taso.

Mai sharar ɗakin, wani bawan Allah daga kudu, ya taho da fara'arsa ya tsamo ta. Ta yi fari fat. Ya kankare ta da soson ƙarfe ciki da waje, baƙin nan na shekaru duk ya tafi, zaren ɗinkin ya tsinke.

Ya ce, "Mama, ka ga aiki? Wannan kwano ya yi datti sosai. Tun Juma'a na goge shi, na bar shi cikin magani. Madam ya ce duka-duka."

Me zan ce masa? An sa shi aiki ya yi, har ya ƙara da ƙwazo. Na karɓa, na riƙe ta a ƙirji, ruwan na ɗiga a mayafina. Matar ɗana ta shigo, ta gani, ta dafa bango.

Shugabar makarantar nake nema, kuma na same ta a ofis cikin sanyin na'ura. Da baƙuwa ce daga wata ƙasa da na ce ba ta sani ba. 'Yar arewa ce, Hausa a bakinta tsaf, daga jin harshenta Bazazzagiya ce. Na rantse a ɗakin kakarta akwai irin ƙwaryar nan. Na ajiye mata ita a kan teburi, kan takardunta.

Na ce, "Hajiya, an gaya miki kada a wanke ta ko ba a gaya miki ba?"

Ta ce, "An faɗa, Mama. Amma kin ga doka doka ce. Duk abin da abinci ya taɓa a makarantar nan sai an jiƙa shi a magani. In yaro ɗaya ya yi ciwon ciki, iyayen nan rufe mu za su sa a yi."

Na ce, "Wane yaro ne ya sha? Ba ku kuka hana ba?"

Ta ce, "Duk da haka. Kwana uku za ta yi da ƙwayoyin cuta a ɗakin da yara ke shiga."

Na ce, "To da kin sa an ajiye mini ita a ƙofa. Da kin aiko a ce in zo in ɗauki dattina. Waya ba ta cika garin ba? Ga guda biyu nan a gabanki."

Ta ɗaga ƙwaryar da yatsa biyu ta janye takardunta. Ta ce, "Sori, Mama. Kada ki damu, za mu sake miki wadda ta fi ta."

Wadda ta fi ta. Ban ƙara ko kalma ba, don abin da ya taso mini a maƙogwaro ba na tsohuwa mai salla ba ne. Na ɗauki abata na fita. Ban jira direba ba, na kama hanya a ƙasa cikin ranar nan, motoci na ta hon, sai da matar ɗana ta biyo ni a tasi ta roƙe ni na shiga.

Ban saduda nan da nan ba. Na jiƙa ta a ruwan ɗumi na zubar, na sake, na sake. Na shanya ta. Na cika ta da toka. Na jiƙa ta da tsamiya. Na hura itace a bayan gida na kife ta a kan hayaƙi, har maƙwabcinmu ya aiko mai gadinsa wai ko gobara ce. Ƙwarya jikinta shan abu yake, abin da ta sha kuwa ta sha. Na zuba madara na rufe, da safe na buɗe, ruwa tsululu mai ɗaci, ga warin asibiti. Na sa tsohon nono na wajen Bafulatana, ya ɗan kama, na kai baki na tofar.

Da Bafulatanar ta zo na miƙa mata. Ta juya ta, ta shinshina, ta kawar da kai. Ta ce, "Hajiya, wa ya yi miki wannan? Maƙiyi?" Na ce a'a, masu tsabta ne. Ta ajiye ta a hankali ta ce, "Allah ya ba ki haƙuri," kamar mai ta'aziyya. Ita kaɗai ce a garin nan ta yi mini gaisuwar da ta dace.

Na tambayi matar ɗana, na ce ta gaya mini gaskiya da iliminta, kada ta lallashe ni: in warin ya fita za su dawo? Ta sunkuyar da kai. Ta ce maganin don kashe su aka yi shi, kuma ya kwana uku yana shiga. Ko da wasu sun zauna a ciki nan gaba, wasu ne daban, ba waɗancan ba. Ta fashe da kuka ta ce laifinta ne. Na ce ta tashi, ban riƙe ta ba. Amma ranar na kasa kallon fuskarta, wannan ma a rubuta.

Ɗana kuwa dariya ya yi. Ɗan da na yaye da nonon ƙwaryar nan. Ya ce, "Haba Inna, ƙwarya ce fa. Gobe in aika kasuwar Kuje a cika miki but ɗin mota da su." Na dube shi na ce, "In ka je ka sayo mini uwa ma, tunda komai akwai a kasuwa." Bai sake ba.

Kwanci tashi, sai ga direban makaranta da kwali mai ƙyalli. Daga hoton jikinsa, kula ce ta silba, irin ta Dubai, mai murfi da mariƙi. Tare da ita aka aiko da saƙo ta bakin matar ɗana, wadda da ƙyar ta iya faɗa. Wai ranar taron iyaye na zuwa, za a shirya teburin kayan gargajiya a zaure, kuma tunda ƙwaryar ba ta da sauran amfani a wurina, yanzu ga ta fes, ko zan ba su su rataye ta a bango yara su riƙa ganin yadda mutanen da suke yi. Har za a kira ni gaban jama'a a tafa mini.

A nan ne fushina ya cika. Tana da rai sun ce datti ce, ba su yarda ta ƙara kwana a ɗakinsu ba. Yanzu da suka kashe ta ta isa shiga zaure. Mutanen da! Ga ni zaune da raina da haƙorana, jiya-jiyan nan nake kafa nono, an mayar da ni mutanen da.

Na ce a mayar da kula inda ta fito, kwalin ma kada a buɗe. Na fita bayan gida na hura wuta. Na kife ƙwaryar a ƙasa na sa taɓarya, bugu ɗaya ta tarwatse, don maganin ya riga ya cinye ƙarfinta. Na tsince sakainun ɗaya bayan ɗaya na zuba a wuta. Hayaƙin ma warin asibiti yake. Matar ɗana na tsaye a ƙofar kicin, ba ta hana ni ba, ba ta kuma tafi ba har wutar ta cinye.

Ban sake taka makarantar ba. Ita ta ci gaba da darasinta da kwalabe, kuma an ce yara na ganewa, har wasu makarantu na zuwa kallo. In ta tambaye ni abu a kicin ina gaya mata, nawa za a sa, yaushe za a sauke, don yaran ba su yi mini komai ba. Shugabar kuwa ta aiko gaisuwa da salla, na ce a ce mata na ji.

Ɗana ya cika firij da nonon kanti mai zaƙi a robobi. Jikokina na sha. Bafulatana ta yi mini tayin ƙwarya daga cikin nata, na gode mata na ce ta bar wa 'yarta. Furata da ruwa nake dama ta yanzu, in sa 'yar tsamiya in sha.